Aikin sa kai ba sai mai kuɗi ba

Da yawa a ƙauyukanmu na Sinnar da Gadarif a Sudan sun ɗauka taimakon marasa galihu aikin ƙungiyoyi ne masu motoci. Ba haka ba ne. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, takiyya, wato wurin da ake dafa abinci ana rabawa kyauta, ta ciyar da jama'a da dama, kuma maƙwabta ke haɗa ta: wannan dawa, wancan itace. Larabawa na cewa nafir, mu gayya muka gada.

Abin da ke damuna shi ne tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, ƙafa ba ta kai ta bakin tukunya. Tana buƙatar mai kai mata kwanon asida, wato tuwo, ya ɗebo mata ruwa, ya zauna ya ce, "Inna, ya ƙarfin jiki?" Da damina kuwa, in laka ta tare mota, yaro mai jaki ke isa gidanta.