Wai nan ne emajensi?

Wallahi jiya raina ya ɓaci. Mun kai Baba asibiti yana dafe da ƙirji, gumi na keto masa, numfashi sama-sama, amma nas ɗin ko ɗago kai ba ta yi ba, wai mu je mu yanko kati tukuna, can kuma layi har waje. Haba jama'a! Ciwon ƙirji fa, ko hawan jininsa ba a auna ba, kan benci muka kwantar da shi. Da na yi magana sai cewa ta yi "Malam ba ku kaɗai ba ne." Na san aiki ya yi musu yawa amma a duba mutum mana kafin takarda, sai da ya fara amai sannan aka kira likita.