Rijiyar Tsakar Gidanmu

Ni dai fim ɗin ban tsoro dariya yake ba ni. A fito da wani ƙato mai ƙaho, an shafe shi da gawayi, jini na ta kwarara kamar an kifar da galan ɗin manja. Duk dodon da aka nuna maka shi daga kai har ƙafa ai asirinsa ya tonu, sai ka koma ƙirga haƙoransa kana neman inda tela ya ɗinke masa riga.

Wannan cika bakin nake yi ranar da ƙanin matata ya zo hutu. Ya ce, "Yaya, akwai wani na Japan, Ringu, tun na 1998. In ka kalle shi kai kaɗai da dare har ƙarshe, na sallama maka." Na ce yaro yaro ne, sa mini.

Abin da ya fara ɗaure mini kai, an yi nisa ban ga jini ba, ban ga dodo ba. Labarin wani kaset ne, duk wanda ya kalla sai waya ta yi ƙara, bayan kwana bakwai ya mutu. Shi ke nan fa. Sai shiru mai tsawo, sai wani ƙugi can ƙasa-ƙasa da ba ka san daga ina yake ba. Kyamara ta tsaya kan ƙofa, kai ma ka zuba mata ido, ba abin da ya shigo, amma gabanka sai faɗuwa yake. Na gwada kashe sautin, nan take rabin tsoron ya gudu. Na mayar, ya dawo da 'yan'uwansa. Ashe ta kunne ake kama mutum. Yaron ya taɓa gaya mini cewa fim ɗin Jaws na 1975 ma, mai labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, kifin injin da aka ƙera ne ya yi ta lalacewa, dole daraktan fim ɗin, Spielberg, ya rage nuna shi ya bar kiɗa yana aiki, abin ya fi firgita mutane. A lokacin na ce surutun 'yan boko ne.

Sai ga rijiya a fim. Yarinya da farar riga ta fito daga ciki, gashi ya rufe mata fuska gaba ɗaya, tana tafiya a karkace, har ta rarrafo ta cikin talabijin ta shigo ɗaki. Ido ɗaya tak aka nuna. Sauran fuskar ni na zana abata da kaina, kuma wallahi ban yi wa kaina sauƙi ba.

Matsalar ita ce, talabijin akwai shi gabana, waya tana aljihuna, rijiya kuwa tana tsakar gidanmu. Da ƙaton gidan Turawa ne a tsakiyar daji, ina ruwana? Wannan kayan gida aka kwaso aka haɗa ni faɗa da su.

Fim na ƙarewa aka ɗauke wuta. Wajen ƙarfe uku fitsari ya matsa mini. Na yi ta lallashinsa ya bari sai asuba, ya ƙi. Na ɗau buta na fito, sanyin hunturu na kaɗawa. Ina ɗaga kai, ga wani farin abu sunkuye a bakin rijiya, yana miƙewa a hankali.

Ayatul Kursiyyu da na haddace tun ina makarantar allo ta ɓace mini, sai addu'ar cin abinci ce ke zuwa bakina. Na ƙwalla a'uziyya, na wurga butar, na ji ta faɗa rijiya, cunɗum!

Farin abin ya juyo ya haska ni da tocila. Hajiya ce da farin hijabinta, ta tashi nafila tana jan ruwan alwala. Da yake ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai wannan, yau kuma ni ce shaiɗanin?"

Na durƙusa. "Hajiya, barka da dare. Ɓera na gani."

"Ɓera mai hijabi?"

Daga ɗaki na jiyo matata da ƙaninta suna ƙoƙarin danne dariya, har ɗaya ya sarƙe da tari.

Da safe Hajiya ta aro ƙugiya a maƙwabta, ta miƙo mini, ta ce wanda ya jefa buta shi zai leƙa ya ciro ta. Na ce bayana ke ciwo tun jiya. Naira ɗari biyar yaron maƙwabta ya caje ni, kuma sai da ya tambaye ni ko gaskiya ne ɓeran gidanmu yana sallar dare.