Ɗan'uwa, Muryar Wa Ka Ara Ka Kira Gidan Rediyo?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, maganar ce ta tsaya mini a rai.

A Amurka akwai wani kamfani mai suna Premiere, wanda yake rarraba manyan shirye-shiryen rediyo ga ɗaruruwan tashoshi a faɗin ƙasar. A watan Fabrairun 2011 mujallar Tablet ta bankaɗo cewa kamfanin yana da wani sashe da ba shi da aiki sai bayar da hayar masu kiran waya. 'Yan wasan kwaikwayo ake ɗauka, a gwada muryarsu, a sa su rattaba hannu a takarda cewa ba za su faɗa wa kowa ba. Mai gabatar da shiri idan yana so a kira shi, sai ya shiga intanet ya zaɓi irin muryar da ta yi masa, a ba ɗan wasan labarin da zai faɗa, lokaci na yi ya bugo waya kamar wani bawan Allah da abin duniya ya ishe shi. A lokacin, dala 40 ake biya a awa ɗaya. Har alkawari kamfanin ya yi wa tashoshin cewa muryar da aka ji yau ba za a sake jin ta ba sai bayan aƙalla wata biyu, don kada masu sauraro na kullum su gane. Wannan tanadin shi ya fi tayar mini da hankali. An san ƙarya ce, kuma aka zauna aka tsara yadda asirinta ba zai tonu ba.

Abin da ya sa maganar ta yi ƙura shi ne, a lokacin kamfanin nan shi ne mai rarraba shirye-shiryen manyan masu ra'ayin mazan jiya na ƙasar: Rush Limbaugh, da Sean Hannity, da Glenn Beck. Tun daga 1987, lokacin da hukumar sadarwar Amurka ta soke ƙa'idar da ke tilasta wa tashoshi su ba kowane ɓangare damar magana, irin waɗannan shirye-shirye suka bunƙasa. Limbaugh ya fara nasa na ƙasa baki ɗaya a 1988, awa uku kullum a ranakun aiki, tashoshi kusan 600, miliyoyin mutane da kunnensu a jikin rediyo, har ya mutu a 2021. Ƙarfin irin wannan shiri kuwa yana wurin masu kira. Direban babbar mota ya kira daga kan hanya, manomi ya kira, tsohon soja ya kira, sai mai sauraro ya ce ashe ba ni kaɗai nake jin haka ba, ashe abin da jama'a ke ciki ke nan. To idan direban nan ɗan wasa ne da ke zaune a ɗakinsa da takarda a hannu fa?

Amma tsaya, kafin wani ya kwafi wannan ya watsa da taken an kama su. Limbaugh ya fito a shirinsa ya ƙaryata da kakkausar murya, kamfanin ma ya ce sashen na shirye-shiryen nishaɗi ne, irin na barkwanci da wasan waya, ba na waɗannan mutanen ba. Mujallar kuma ba ta kawo hujjar cewa su ukun sun yi amfani da shi ba. Wasunsu sun faɗi maganganu a kan Musulmi da ba su yi mana daɗi ba, haka ne. Duk da haka Allah Ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. Wanda ya ɗauki zargi ya mayar da shi tabbas don ba ya son mutum, ya faɗa cikin laifin da muke magana a kai tun bai gama karanta nasihar ba.

Wanda ya tabbata kuwa a Kanada ya faru. Rob Ford, magajin garin Toronto daga 2010 zuwa 2014, shi ma ɗan ra'ayin mazan jiya, a lokacin yana da shirin rediyo ranar Lahadi tare da yayansa Doug. Akwai wani mai kira da ake ce wa Dave. Yau Dave ne daga unguwar Scarborough, wani makon Dave ne daga Etobicoke, wata rana kuma daga wani wurin daban. Duk kiran da zai yi yabon magajin gari ne da sukan abokan hamayyarsa. A 2013 gidan yaɗa labarai na CBC ya gano cewa Dave ɗin nan David Price ne, tsohon aminin gidansu, wanda daga baya ya zama babban ma'aikaci a ofishin magajin garin. Mutum ɗaya ya raba kansa unguwa-unguwa ya zama jama'a.

Kada kuma a ce halin ɓangare ɗaya ne. A 2007, lokacin yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, 'yar jam'iyyar Democrat mai hamayya da mazan jiya, a jihar Iowa, wata ɗaliba ta bayyana cewa ma'aikacin kamfen ne ya ba ta tambayar da ta tashi ta yi a gaban taro, kuma kamfen ɗin ya amsa laifi. Shi kansa Limbaugh ya sha kokawa da masu kira daga ɗaya ɓangaren, waɗanda za su fara da cewa su 'yan Republican ne, wato jam'iyyar mazan jiya, tun tale-tale, sannan su juyo su yi ta saran jam'iyyar. Kowa yana kuka da abin idan an yi masa, kowa yana yi idan ya samu hanya.

To su can ke nan. Mu fa?

Mu da rediyo ba ya barin kunnenmu tun daga asuba. Mai shayi da shi, tela da shi, makiyayi a daji ya rataya shi a kafaɗa, uwargida a madafa tana aiki tana ji. Mun san sojojin baka, kuma nasu lissafin daban ne, domin aƙalla kowa ya san wane yaron wane ne, an sayi fili an sanar. Zagi da ƙazafin da wasunsu ke yi, wannan su da Allah. Wanda nake magana da shi yau shi ne mai ɓoye fuska. Kwanan nan a majalisarmu wani matashi, ƙanin abokina, yake ba da labari yana dariya, wai ya kira wani shiri ya ce shi malamin firamare ne da ya yi ritaya, ya canja murya, ya yi ta yi wa wani ɗan siyasa addu'a saboda an biya shi haƙƙinsa. Yaron nan bai kai shekara talatin ba, bai taɓa riƙe alli ba. An tura masa katin waya da ɗan abin shan ruwa. Na ce masa, ƙanina, ka san abin da ka yi kuwa? Ya ce, "Haba Yaya, ai ba ƙarya na yi ba, an biya wasu da gaske. Sunana kawai na canja."

Sunana kawai na canja! Subhanallah. Ai nan ƙaryar take. Mai sauraro bai gaskata maganar don daɗinta ba, ya gaskata ta ne don ya ɗauka dattijo ne da ya sha wahalar bin layin fansho yake faɗa. Shaidarsa ka sata. Ka ce na gani, ba ka gani ba. Ka ce an yi mini, ba a yi maka ba. Me ake ce wa wannan in ba shaidar zur ba? Ko sai a gaban alƙali take zama zur? Alƙali ɗaya ka yaudara an ce ka halaka, ina ga ka yaudari jama'ar jiha guda da za su je su yanke hukunci da ƙuri'arsu?

Duk mun san hadisin. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman manyan zunubai, ya ambaci shirka, ya ambaci saɓa wa iyaye, da ya zo kan maganar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Ya tashi zaune fa, 'yan'uwa. Mu kuma a kwance muke yin ta, waya a kunne, abokai a gefe suna danne dariya.

Wanda ya san kara ya san wannan aikin. Ka zo sayen sa, kana cikin ciniki, sai wani ya matso ya shafa bayan san ya taya sama da kai, alhali ko kuɗin akuya babu a aljihunsa, shi da mai san sun gama magana tun da safe. Kai kuma ka ga ana rububi, ka ƙara kuɗi. Annabi ya hana wannan ƙarara, kuma sahabi Ibn Abi Aufa ya kira mai yin sa maciyin riba, maha'inci. Mai kiran haya aikinsa ke nan, yana taya ɗan siyasa sama da ƙimarsa don talaka ya saya da tsada. Wanda aka cuta a kara asararsa ta sa ɗaya ce, gobe ya mayar. Wanda aka cuta a rediyo shekara huɗu zai yi yana biya, da asibitinsa da makarantar 'ya'yansa.

Kuma akwai wanda ba ka tuna da shi ba. Shirin awa ɗaya ne, layin waya ɗaya ko biyu. Lokacin da kai da abokanka kuka cika layin, akwai malamin gaske da ya yi ritaya, wanda ba a biya shi ba, ya ranci kati yana ta bugawa ana ce masa layi a cike yake. Akwai matar da mijinta ya rasu, akwai mai unguwar da rijiyarsu ta ƙafe. Ka ci kuɗin kati, ka kuma cinye musu damarsu. Mafi muni, ranar da Allah Ya sa ɗayansu ya samu shiga ya fashe da kuka a iska, mutane za su taɓe baki su ce an biya shi ne. Ku kuka jawo wannan. Kun sa ba a yarda da hawayen mai gaskiya.

Na san abin da za a ce. Babu aiki, gari ya yi zafi. Wallahi na sani, kuma ina tausaya maka, ba daga sama nake maka magana ba. Amma ɗan abin da aka tura maka kwana nawa zai yi? Wani kuma zai ce ai gwanina mutumin kirki ne, addini nake karewa, mutanen banza nake hana wa mulki. Wannan uzurin ya fi ba ni tsoro, don mai shi ba ya ma jin yana da abin tuba. Ɗan'uwa, Allah ba Ya buƙatar ƙaryarka don Ya taimaki gaskiya. Idan gwaninka na kirki ne, kira da sunanka, ka ce ni wane ne, ɗan jam'iyya kaza ne, ko ina aiki a ofishinsa, ga abin da na gani da idona. Babu wanda ya hana magoya baya su shirya su yi ta kira, halal ne, siyasa ce. Abin da aka hana shi ne rigar aro.

Ku ma 'yan'uwa mata, ina roƙonku. Ana neman muryarku musamman don an san tana taɓa zuciya. Kada wata ta yarda ta ce ita bazawara ce mai marayu biyar alhali mijinta yana ɗaki yana jin ta. Ba kya tsoron a amsa? Su kuma samarin da ke buɗe shafuka goma a Facebook, wannan da sunan Hajiya, wancan da sunan Malam, suna yabon mutum ɗaya suna amsa wa kansu, kada ku ce ku ba rediyo kuke ba. Aikin ɗaya ne. A cikin mafarkin da Annabi ya ba sahabbai labari, ya ga mutum ana tsaga masa gefen baki har ƙeya, a koma ɗaya gefen, kafin a gama na farko ya haɗe, a sake. Aka ce masa wannan shi ne mutumin da zai fita daga gidansa da safe ya yi ƙarya ta kai ko'ina a duniya. A zamanin da babu eriya, babu data aka faɗi haka. Yau ko fita daga gidan ba sai ka yi ba.

Masu gabatar da shiri, ku ji tsoron Allah. Kun san muryoyin nan. Kun san wanda ya kira jiya daga wannan unguwa shi ne ya kira yau daga waccan, kuna ce masa barka da warhaka kamar ba ku taɓa jin sa ba. A 2005 aka gano gwamnatin George Bush ta biya wani mai sharhi, Armstrong Williams, dala 240,000 don ya tallata dokarta ta ilimi, bai gaya wa masu bin sa ba, kuma da abin ya fito kamfanin da ke rarraba rubutunsa ya sallame shi. Wannan kunyar duniya ce kawai. Idan an ɗauki nauyin fili, ku faɗa. Idan kun gane mai kira na haya ne, ku tambaye shi a iska. Kai kuma mai gida da kake tura kuɗin, kada ka zaci tunda ba bakinka ne ya furta ba ka tsira. Kai ka koya wa yaron mutane cin abinci da ƙarya.

Wanda ya taɓa yi, ƙofar tuba a buɗe take, kuma ba na son ka karanta wannan ka yanke ƙauna. Ka daina daga yau. Ka fita daga zauren WhatsApp ɗin da ake raba muku abin da za ku faɗa. Idan a kiranka ka ɓata sunan wani, wannan haƙƙin bawa ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi, ka nemi hanyar gyarawa, ko da kuwa sake kiran shirin ne ka janye. Da nauyi, na sani. Ka yi shi tun kana da bakin yi.

Don Allah, don Allah, 'yan'uwa, ku bari. Wanda yake da ƙane ko ɗa a cikin wannan harka ya kira shi gefe yau ya yi masa magana. Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya tsare mana harsunanmu.