Malamin harshen uwa a Malesiya da namu na gida

Shekara huɗu ke nan ina zaune a Malesiya, kuma wallahi abin da ya fara ban mamaki shi ne firamaren gwamnati da ake koyarwa da Sinanci ko Tamil (harshen wasu 'yan asalin Indiya) zalla, ana ce musu SJKC da SJKT, Malay (harshen ƙasar) da Turanci darussa ne kawai a ciki. Na Sinanci sun kai wajen 1,300, na Tamil sun haura 500. Mu kuwa a firamarenmu in ka yi Hausa a aji monita ya rubuta sunanka wai ka yi banakula, a ci ka tara.

Maƙwabciyata malama ce a makarantar Tamil. Albashinta daga ma'aikatar ilimi ta tarayya yake fitowa, bai taɓa makara ba, amma duk da haka kullum a gajiye take. Da dare zan hango ta ta taga, littattafan yara jibge a gefe, tana ta shigar da bayanai a kwamfuta, ta ce aikin takarda ya fi koyarwar cin rai. Makarantar tasu a cikin gonar kwakwar manja take, yara kaɗan, iyaye leburori ne, in rufi ya yi yoyo sai an jira.

Malaman makarantun Sinanci fa albashi ɗaya suke karɓa da ita, sai dai su al'umma ce ta riƙe makarantar, 'yan kasuwa su haɗa kuɗi su gina aji su sa fanka, shi ya sa har Malayawa ke kai 'ya'yansu. Su kuma kukansu ƙarancin malamai da matsin iyaye.

Nan na gane albashi kaɗai ba ya sa malami ya so aikinsa, sai ya ga akwai masu tsaya masa. To namu a gida dukka biyun babu. Kawuna ya shekara 30 yana koyar da Hausa a firamare, albashi a hannun ƙaramar hukuma, ƙarin girma a takarda kawai, yara sama da 100 a ƙasa ba benci, sannan a dinga kallonsa kamar wanda ya rasa abin karantawa. A 2022 gwamnatin Najeriya ta amince a dinga koyar da darussa cikin harshen uwa a firamare, na kira shi da murna, ya ce min ɗana, da wane littafin lissafin zan koyar, ni ko alli da kuɗina nake saya.