Jaririn da aka haifa yau ba zai biya fanshon gobe ba

A shekarar 2023 matsakaicin adadin 'ya'yan da mace ke haifa a Koriya ta Kudu ya sauko zuwa 0.72. Don a gane abin da wannan ke nufi, a ɗauki mutum 100, rabinsu mata. Matan nan 50 za su haifi 'ya'ya 36. A cikin 36 ɗin, mata 18 ne, su kuma za su haifi kamar 13. Wato kakanni ɗari, jikoki goma sha uku. Adadin da ake bukata domin al'umma ta maye gurbin kanta shi ne wajen 2.1, kuma Japan da Sin da Italiya da Jamus duk sun daɗe da faɗowa ƙasa da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2018 masu shekara 65 zuwa sama sun fi yara 'yan ƙasa da shekara 5 yawa a duniya, karo na farko a tarihi, kuma nan da 2050 mutum ɗaya cikin shida zai kasance ya haura 65.

Da zarar an ambaci waɗannan alƙaluma, abin da ke fara zuwa bakin 'yan siyasa shi ne a ƙara haihuwa. A ganina wannan ce hanya mafi tsada kuma mafi jinkiri, kuma tana ɗauke hankali daga gyaran da ake bukata yanzu. Hangari ta yafe wa matan da suka haifi 'ya'ya huɗu harajin albashi tun daga 2020, ga rancen ma'aurata da ake yafewa idan an haihu. Haihuwa ta ɗan ɗaga, ta kusa 1.6 a 2021, sannan ta sake gangarowa. Sin ta soke dokar ɗa ɗaya, ta ba da damar biyu a 2016, uku a 2021, amma a 2022 yawan jama'arta ya ragu, karo na farko tun 1961. Ko da a ce tallafin ya ci nasara, jaririn da aka haifa bana sai an ciyar da shi, an yi masa makaranta shekara ashirin ko fiye kafin ya fara biyan haraji. A duk tsawon wannan lokaci nauyi ne a kan ma'aikatan da tuni suke ɗauke da tsofaffi. Tallafa wa iyaye abu ne mai kyau don kansa, amma ba zai toshe giɓin asusun fansho na shekaru ashirin masu zuwa ba.

Giɓin lissafi ne mai sauƙi, sai dai ba a son faɗarsa a fili. A yawancin ƙasashen Turai da Japan, kuɗin da ake cirewa a albashin ma'aikaci ba ajiye masa ake yi ba. A wannan watan ake biyan 'yan fansho da shi, shi ma sai ya jira na bayansa su biya shi. A ce fansho rabin matsakaicin albashi ne. Idan ma'aikata shida ne ke ɗauke da ɗan fansho ɗaya, kowannensu zai ba da kashi 8 cikin 100 na albashinsa da 'yan kai. Idan suka koma biyu, kowa sai ya ba da kashi 25. Wannan kusan shi ne tafiyar da Jamus ta yi: a farkon shekarun 1960 masu zubi a asusun fansho shida ne a kan kowane ɗan fansho, yanzu wajen biyu ne, kuma gwamnatin tarayya na cike giɓin da sama da yuro biliyan 100 duk shekara daga baitulmali. Kuɗin da ya tafi can bai tafi gyaran gada ko layin dogo ko makaranta ba.

Wuraren da za a iya taɓawa uku ne kacal, a ƙara abin da ake cirewa a albashi, ko a rage fansho, ko a ɗaga shekarun ritaya. Na farko yana da iyaka, domin matashin da ake yanke wa kwata na albashi yana jinkirta aure da haihuwa, ko ya tattara ya bar ƙasar, sai a ƙara rasa mai zubi. Na biyu yana jefa tsofaffi cikin talauci, kuma akwai inda ake ganin hakan. Koriya ta Kudu ba ta kafa asusun fanshonta na ƙasa ba sai 1988, don haka da yawa daga cikin waɗanda suka gina masana'antunta ba su yi zubi mai tsawo ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na tsofaffinta suna cikin talauci, mafi muni a rukunin ƙasashe masu arziki, kuma a titunan Seoul ana ganin tsofaffi suna tura amalanke cike da kwalaye don sayarwa.

Saura na uku, wanda kowa ke gudu. Lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, ya kafa fansho a ƙasar a 1889, shekara 70 aka yanke, a zamanin da kaɗan ne daga ma'aikata ke kaiwa nan. Yau wanda ya yi ritaya a 65 a ƙasa mai arziki yana iya cin fansho shekara ashirin. Faransa ta yi dokar ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, aka yi watanni ana zanga-zanga, shara ta taru a titunan Paris, har gwamnati ta zartar da dokar ba tare da ƙuri'ar majalisa ba. Sin ta fara nata a Janairun 2025, a hankali cikin shekara 15: maza daga 60 zuwa 63, mata ma'aikatan ofis daga 55 zuwa 58, mata masu aikin ƙarfi daga 50 zuwa 55. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Denmak, wadda ta ɗaure shekarun ritaya da tsawon rai, idan mutane suka ƙara daɗewa a duniya sai shekarun su ɗaga da sanarwar shekaru masu yawa kafin lokaci. Suwidin kuma ta sa wa tsarinta birki mai aiki da kansa, wanda ke rage ƙarin fansho idan asusu ya fara karkata. Amfanin wannan shi ne ba sai an jira ɗan siyasa mai ƙarfin hali ba, wanda dama ba kasafai ake samunsa ba inda tsofaffi suka fi matasa fitowa zaɓe.

Amma akwai zalunci a ciki idan ba a kula ba. Birkila da ya fara ɗaukar siminti yana ɗan shekara 17, gwiwa da baya sun gama aiki kafin 60, kuma a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi sun fi masu hali mutuwa da wuri da shekaru masu yawa. A ce shi da malamin jami'a su jira 67 tare, an kwashe daga talaka an ba mai hali ke nan. Gyaran da ya dace sai ya ƙirga shekarun zubi tare da shekarun haihuwa, ya buɗe ƙofar fita da wuri ga masu aikin wahala, ya kuma ba mutum damar rage kwanakin aiki yana karɓar wani ɓangare na fansho, maimakon a ce yau yana aiki cikakke gobe yana zaune.

Fansho dai kuɗi ne, ana iya rubuta shi a kasafi. Jinya kuwa hannu take so, kuma nan ne nake ganin an fi yin sakaci. Tsohon da ya faɗi ya karya ƙugu, ko ɓarin jikinsa ya shanye, sai an juya shi kamar duk awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da duga-dugai ta mutu ta zama gyambon da ke ɗaukar watanni bai warke ba. Sai an ɗaga shi, an yi masa wanka, an kai shi bayan gida, an ba shi abinci a zaune don kada ya shaƙe ya kamu da ciwon huhu. Mai cutar mantuwa kuma ƙafarsa lafiya lau, yana iya buɗe ƙofa da tsakar dare ya ɓace, ya ƙi magani, ya zargi 'yar da ke kula da shi da sata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke da wannan cuta. Da can 'ya'ya biyar ko shida ke karɓa-karɓa. A Sin yanzu ana maganar gida mai kakanni huɗu, iyaye biyu, ɗa ɗaya. A Japan kusan mutum 100,000 ne ke ajiye aiki duk shekara don jinyar wani nasu, mafi yawansu mata. Kowace ɗaya da ta ajiye, an rasa mai zubi yau, ita kuma ta rasa cikakken fanshonta gobe. Sau da yawa ma mai jinyar tsohuwa ce 'yar shekara 75 tana ɗaga miji ɗan 80.

Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun mayar da jinyar tsofaffi inshora ta tilas. A Japan kowa yana fara zubi daga shekara 40, idan buƙata ta zo jami'ai su auna halin da mutum yake ciki, su sa shi a mataki, matakin ya yanke yawan taimakon da zai samu a gida ko a cibiyar kulawa. Tsarin ya sauƙaƙa wa iyalai, amma ya ci karo da ƙarancin ma'aikata, saboda aikin na da nauyi, albashinsa kuma bai kai matsakaici ba. Mutum-mutumi yana taimakawa wajen ɗagawa da sa ido, amma har yanzu bai iya lallashin tsohon da ya ƙi cin abinci ba.

Ga kuma garuruwan da ke bushewa. Ƙidayar gidaje ta 2023 ta nuna gidaje miliyan 9 babu kowa a ciki a Japan, kuma ana rufe ɗaruruwan makarantu duk shekara. Bututun ruwa da titi ba sa gajarta don mutane sun ragu, kuɗin gyaransu ne ke hawa kan 'yan tsirarun da suka rage, waɗanda yawancinsu ba sa iya tuƙi zuwa asibiti bayan an janye motar haya.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sauri. Faransa ta ɗauki sama da shekara ɗari kafin masu 65 zuwa sama su tashi daga kashi 7 zuwa 14 cikin 100. Japan shekara 24 ta yi, daga 1970 zuwa 1994. Koriya ta Kudu ba ta kai ashirin ba. Tailan da Birazil da Biyetnam suna bin sahu da arzikin da bai kai na waɗancan ba, kuma da ɗimbin ma'aikatan da ba sa cikin kowane tsarin fansho.

Shigo da baƙi yana sayen lokaci, kuma duk ƙasar da ke kuka da tsufa tana kuma rufe ƙofa yaudarar kanta take yi. A Italiya dubun dubatar gidaje sun dogara da mata daga Romaniya da Yukiren da Moldoba da ke kwana da tsofaffi, asibitocin Birtaniya da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuma cike suke da ma'aikatan jinya daga Filifin da Indiya. Sai dai baƙon ma yana tsufa, 'ya'yansa kuma haihuwarsu kan koma irin ta ƙasar da suka tashi. Matar da ke juya tsohuwa a birnin Milan na Italiya ta bar tata uwar a wani ƙauyen Moldoba, ƙasar da ita ma ta rasa kaso mai yawa na matasanta, kuma da yawa daga cikin irin waɗannan mata suna aiki ne ba rajista, babu ko sisi da ake zuba musu a asusun fansho a can ko a gida.