Neman taimako a wasan cike gurbi ba satar amsa ba ne, amma akwai taimakon da ke kashe wasan

Akwai wata magana da masu wasan cike gurbi na jarida suke yawan jifan juna da ita, wai duk wanda ya buɗe ƙamus, ko ya tambayi na kusa da shi, ko ya leƙa waya, to ba wasa ya yi ba, satar amsa ya yi. Ni ban yarda da wannan ba, kuma maganar tana ci mini rai, domin tana korar sabon shiga tun bai ɗanɗani daɗin abin ba. Mutum zai ɗauki jarida da zumuɗi, ya cike kalmomi kaɗan, ya cije, ya ji kunyar tambaya, sai ya ninke ta ya ce wannan ba nasa ba ne, na masu kaifin ƙwaƙwalwa ne. Shi ke nan an yi asararsa. Sai dai kuma ba na tare da masu cewa duk taimako ɗaya ne. Akwai wanda ke ƙara wa wasan armashi, akwai wanda ke zare masa rai gaba ɗaya.

Ku dubi yadda aka gina wasan kansa. Fili ne da aka yanka gida-gida, wasu farare wasu baƙaƙe, ga tambayoyi masu lamba a gefe, amsar wasu a kwance, ta wasu a tsaye, kowane gida harafi ɗaya. Tun ranar 21 ga Disamba, 1913, da Arthur Wynne, ɗan asalin Ingila, ya fitar da na farko a jaridar New York World, hikimar abin ita ce kalmomin suna ratsa juna. Duk amsar da ka samu tana miƙa maka harafi ɗaya ko biyu na wadda ta gagare ka. A tsarin Amurka ma ƙa'ida ce kowane farin gida ya zama yana cikin kalma biyu, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, ta yadda in wannan ƙofar ta ƙi buɗuwa sai ka zagayo ta waccan. Sannan washegari jaridar da kanta za ta buga maka amsoshin duka. Wasan da aka ƙera shi a haka, wa zai ce ya haramta a kama wa mutum?

Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne irin cijewar da aka yi, domin iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce abin da ba ka sani ba kwata-kwata. An tambaye ka dutsen da ke aman wuta a tsibirin Sisili, gida huɗu. In ba ka taɓa jin Etna ba, ko kwana za ka yi kana kallon takardar ba zai faɗo maka daga sama ba. Babu wata jarumta a zama ana zare ido a kan abin da babu shi a ka. A nan ka buɗe taswira, ka duba ƙamus, ka bincika a intanet, kuma kada ka ji komai a ranka. Matambayi ba ya ɓata. Ribar ma ninki biyu ce, domin irin waɗannan sunaye suna dawowa. Mai tsara wasan yana buƙatar gajerun kalmomi masu yawan wasula don ya ɗinke lunguna, shi ya sa za ka yi ta cin karo da Etna, da tafkin Erie, da Oslo, da kogin Arno na Italiya. Mel Ott, ɗan wasan besbol da ya rasu tun 1958, har yau sunansa na yawo a jaridun Amurka saboda harufa uku ne masu sauƙin cusawa. Wanda ya duba shi sau ɗaya ya mallake shi har abada. Wanda kuwa ya ƙi dubawa don kada a ce ya nemi taimako, gobe ma a nan zai tsaya.

Wannan ya fi shafar wanda bai tashi a ƙasar da aka tsara wasan ba. Ana tambayarsa sunan wani ɗan wasan talabijin na shekarun 1970 da kowane dattijo a can ya sani, shi kuwa bai taɓa ji ba. Rashin sanin nan ba ya nuna komai game da basirarsa. Wani lokaci ma laifin mai tsarawa ne: idan baƙin sunaye biyu suka ratsa juna a harafi ɗaya, ba ka san wannan ba, ba ka san wancan ba, to an toshe maka ƙofofin biyu ke nan. Masu wasan sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin aibi a tsari. Duba wannan harafin hakkinka ne.

Cijewa ta biyu ita ce wadda nake so mu daɗe a kanta. Ka san kalmar sarai, kana faɗinta kullum, amma mai tsarawa ya karkatar da hankalinka wani wuri. Bari in ƙirƙiro misali da Hausa. A ce tambayar ita ce: "Yana tafiya dare da rana, bai taɓa barin bango ba", gida biyar. Nan take tunaninka zai tafi kan halittun da ke bin bango. Ka gwada ƙadangare, ya yi tsawo. Ka gwada tsaka, ta zauna daram a gida biyar, ka rubuta da murna. Daga nan sai lungun ya kulle. Kalmar da ta ratso ta gida na biyu tana neman G, kai kuma ka sa S. Ka koma kana zargin waccan kalmar, alhali ɓarnar tana cikin wadda ka fi amincewa da ita. Amsar agogo ce. Kuma lokacin da ta faɗo maka, bayan ka goge tsakar ka ga G biyu suna kallonka, akwai wani daɗi da ke ratsa mutum wanda saboda shi ne kaɗai ake wannan wasa. Wanda ya kwafi irin wannan tambayar ya zuba a waya, amsa ta fito masa cikin daƙiƙa, ya cike gidajen amma ya sayar da abin da ya zo nema.

Ga wani misalin da ya faru da gaske. Ranar zaɓen shugaban Amurka, 5 ga Nuwamba, 1996, jaridar New York Times ta fitar da wasan da Jeremiah Farrell ya tsara, inda wata tambaya ta nemi babban labarin jaridar gobe. Gidaje bakwai ne na sunan wanda zai ci, kuma sunan Clinton ya shiga, na abokin hamayyarsa Bob Dole ma ya shiga, domin kowace daga cikin tambayoyi bakwai da suka ratsa wurin an tsara ta da amsa biyu masu dacewa. Ka yi tunanin mutumin da ya gano haka da kansa, da wanda aka miƙa wa suna ɗaya aka ce ga amsa. Na biyun bai ma san an yi wani abin mamaki a gabansa ba.

To wane taimako ne ya dace da irin wannan cijewar? Na farko kyauta ne: ajiye jaridar. Tashi ka yi wata hidimar. Duk wanda ya daɗe a wasan ya san wannan, tambayar da ta hana ka sakat da safe za ka dawo da yamma ka ga amsarta a fili, har ka yi mamakin abin da ya rufe maka ido. Hankali ne ya saki hanyar da ya maƙale mata. Na biyu shi ne koyon al'adun wasan, kuma wannan sai an koya maka. Tambaya in ta zo da jam'i, amsarta jam'i ce. In ta zo da taƙaitacciyar kalma, amsar ma taƙaitacciya ce. Alamar tambaya a ƙarshe gargaɗi ne cewa akwai wasa da ma'ana, kada ka ɗauke ta kai tsaye. A New York Times wasan Litinin ne mafi sauƙi, yana ta ƙara tauri har Asabar, na Lahadi kuma faɗi ya fi su, gida 21 kowane gefe maimakon 15. Sabon shiga da ya fara da na Asabar ya ce wasan ya fi ƙarfinsa, magana ɗaya ce zai ji daga wanda ya sani ta canza masa komai. Balle irin na Ingila, wanda jaridu kamar The Times da Guardian ke bugawa, inda kowace tambaya take da ɓangaren ma'ana da ɓangaren dabara, a hargitsa harufa, ko a ɓoye kalma a cikin jimla, ko a karanta ta daga baya. Da wuya mutum ya iya wannan ba tare da wani ya zauna ya warware masa 'yan misalai ba.

Nan ne zan juya kan masu taimakon, domin a ganina rabin matsalar daga gare su take. Akwai mutumin da zai leƙo ta kafaɗarka, ba ka tambaye shi ba, ya ce "ai agogo ne", ya wuce abinsa yana jin ya yi maka alheri. Bai yi ba. Ya ƙwace maka abin da ka yi rabin sa'a kana noma. Mai taimako na gari ba haka yake yi ba. A ce yarinya ce ta kawo wa mahaifinta.

"Baba, ta bakwai a kwance ta ƙi."

"Karanta mini da ƙarfi."

Ta karanta.

"Me kika sa?"

"Tsaka."

"Kin tabbata duk abin da ke tafiya yana da ƙafa?"

Sai ya yi shiru, ya ci gaba da abin da yake yi. Shirun nan shi ne gwanintar. Ya ɗan buɗe mata taga, ya bar ta ta leƙa da kanta, kuma idan ta ɗago kai ta ce "Agogo!", nasarar tata ce. Shi ma mai nema ya koyi neman kaɗan. Ka ce "duba mini ko akwai kuskure a wannan lungun", ko "faɗa mini harafin farko kawai". Sau da yawa ma karanta tambayar a bayyane ga wani ya isa, kafin ya buɗe baki ka ji amsar da kunnenka.

Manhajojin waya sun kawo wannan tsani a sauƙaƙe. Akwai madannin da zai nuna maka inda ka yi kuskure bai faɗi daidai ba, akwai mai buɗe harafi ɗaya, akwai mai buɗe kalma, akwai mai zazzage filin duka. Ba na ƙin su. Damuwata ita ce kusancinsu da yatsa. Da can sai ka jira gobe, kuma jiran nan ne yake tilasta maka sake gwadawa. Yanzu minti ɗaya na takura ya isa mutum ya danna. Ni shawarata a fara daga matakin ƙasa, a hau sama sai in dole. Na'ura kam ta riga ta iya wasan. A 2021 manhajar Dr.Fill ta Matt Ginsberg, da haɗin gwiwar masu bincike na jami'ar Berkeley, ta fi kowane ɗan adam maki a babbar gasar Amurka. Wannan bai rage wa kowa daɗin fensirinsa ba, domin tun asali ba cikakken fili ake nema ba, hanyar kaiwa gare shi ake so.

Wuri ɗaya ne na yarda taimako ya zama ha'inci, wato inda ake auna mutum da mutum. A 1942 jaridar Daily Telegraph ta tara masu wasa a ofishinta a Landan don a ga wanda zai gama cikin minti 12 a gaban shaidu, har daga baya aka nemi wasunsu su yi aikin fasa saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park, cibiyar wannan aiki ta Birtaniya a yaƙin duniya na biyu. Haka waccan babbar gasar Amurka, wadda Will Shortz ya kafa a 1978, kafin ya zama mai tace wasan New York Times a 1993. A irin wannan zama kowa da kansa da fensirinsa. Haka nan wanda ya duba amsa goma sannan ya fito yana shelar ya gama cikin minti shida ba tare da ya faɗi hakan ba, ƙaryar ce laifinsa, dubawar ba komai. Amma mutum shi kaɗai da jaridarsa, wa ya cuta? Shortz yakan maimaita maganar wani magabacinsa, Will Weng, cewa wasan naka ne, ka warware shi yadda ka ga dama.

Abin da nake roƙon sabon shiga shi ne kada ya jefar da jaridar jiya kafin ya ga amsoshin yau. Ka ajiye su gefe da gefe, ka bi gidajen da ka bari fanko ɗaya bayan ɗaya. Wasu za ka ce ban san wannan ba, sai ka riƙe. Wasu za ka dafe kai ka ce ashe nan ya nufa. Akwai kuma waɗanda ga amsar a gabanka amma har yanzu ba ka ga abin da ya haɗa ta da tambayar ba. Waɗannan su za ka zagaye da biro, ka kai wa wanda ya riga ka a wasan ya warware maka.