Nasiha ga masu kare: wuyan dabba amana ne

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ƴan'uwa na Damagaram, masu karen gadi a Birni da Zango da Garin Malam, ƴan farauta, makiyaya da masu garka, wannan nasiha taku ce.

Allah Maɗaukaki bai hana mu horar da kare ba. A Suratul Ma'ida, aya ta 4, Ya halatta mana abin da dabbobin farauta da muka koyar suka kamo, Ya kuma ce muna koyar da su ne daga abin da Shi Ya sanar da mu. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Adiyyu ɗan Hatim cewa idan ya saki horarren karensa ya ambaci sunan Allah, to ya ci abin da ya kamo masa. Horon kare ke nan ilimi ne, kuma Allah Ya jingina shi ga kanSa. Abin da za mu tsaya mu duba shi ne da me muke yin horon.

Samarinmu suna gani a waya ana tallar abin wuya na ladabtar da kare, wasu har suna aikawa a kawo musu. Iri uku ne. Akwai sarƙar zarge, mai zobe a kowane baki, wadda in an ja take tsukewa ba ta da inda za ta tsaya. Akwai mai haƙoran ƙarfe da ke kallon ciki, in an fizga su matse fata. Akwai kuma mai batir, wadda ƙarafa biyu ke taɓa maƙogwaro, mai kare ya danna madanni daga nesa wuta ta ja dabbar; wata ma da kanta take sakin wutar da zarar kare ya yi haushi. Duk ukun aikinsu ɗaya: kare ya ji ciwo, ko ya ji tsoron ciwon, sai ya bari. In ba su yi zafi ba, ba su yi aiki ba. Mai sayarwa zai ce maka ɗan tsikari ne kawai. Da tsikari ne kawai, kare mai gudu bayan akuya ba zai tsaya cak ba.

A wuyan kare hanyar numfashi take, da hanyar abinci, da manyan jijiyoyin da ke kai jini kai su dawo da shi, da ƙasusuwan wuya. Fizgar sarƙa tana murƙushe maƙogwaro, shi ya sa za ka ji kare yana tari kamar ƙashi ya maƙale masa, wani muryarsa ta dushe. Matsin yakan hau har idanu. Ga kuma abin da ya shafe mu mu na nan: kare ba ya gumi kamar mutum sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafin jikinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wanda ya tsuke wuyan karensa a rana ya toshe masa babbar hanyar da Allah Ya ba shi ta sanyaya jiki. In ka ga harshe ya yi duhu, yawu na zuba, kare na tangaɗi, cire komai daga wuyansa, kai shi inuwa, jiƙa masa ciki da cinyoyi da ruwan randa nan take. Mai batir kuwa, su kansu masu ƙera ta sun yi gargaɗin kada a bar ta a wuya fiye da awa 12 a rana, domin ƙarafan suna cin fata su buɗe miki. Miki a wuya, ga ƙura ga ƙuda, kwana kaɗan ya yi tsutsa.

Ɓarnar da ta fi wannan ba a ganin ta da ido. Kare yana haɗa ciwo da abin da ke gabansa a daidai daƙiƙar da ya ji shi. Almajiri ya yi sallama a ƙofa, kare ya yi haushi, ka danna masa wuta. Kai kana nufin "yi shiru", shi abin da ya karanta shi ne duk sa'ad da yaro ya bayyana, azaba na zuwa. Ka koya masa ƙin yara da hannunka. Haka gurnani: gurnani sanarwa ce, kare na cewa a ja da baya. Wanda ya hukunta gurnani har kare ya daina, bai cire fushin ba, sanarwar ya cire, sai ranar da kare zai kai cizo ba gargaɗi. Masu bincike a Jami'ar Lincoln da ke Ingila sun gwada horo da wuta da kuma horo da lada, wato ba kare ɗan abinci da yabo in ya yi daidai, a 2014 da kuma 2020, ba su ga wata riba da abin wuya mai wuta ya kawo a kan horo da lada ba. A binciken na biyu ma karnukan da aka koyar da lada sun fi saurin amsa kira. Yankin Wales da ke Birtaniya ya haramta abin wuya mai wuta tun 2010.

Mu kuwa muna da abin da ya riga dokarsu. Annabi (SAW) ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har a wajen yanka ya ce a wasa wuƙa a hutar da dabba. Ya ga jaki da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, wani mutum kuma aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. A wata tafiya Annabi (SAW) ya aika a tsinke duk tsirkiyar baka da aka rataya a wuyan raƙuma. Imamu Malik ya fassara hanin da cewa suna ratayawa ne don kambun baka, wasu malamai kuma suka ce don kada tsirkiyar ta shaƙe dabbar. Yaya zuciyar mumini za ta natsu da sarƙar da aka ƙera musamman don ta shaƙe?

Kada mai ɗaure kwikwiyo da waya ko igiyar leda ya ce wannan magana ta masu kuɗi ce. Kwikwiyo yana girma, waya ba ta girma, sai ta nutse cikin nama a hankali gashi ya rufe ta. Haka wanda ke ɗaure kare da kullin zarge kusa da katanga: in ya yi tsalle ya haura, ya rataye kansa kafin gari ya waye.

Abin da ya dace mai sauƙi ne, kuma garinmu garin dukawa ne. Je wajen baduku ya ɗinka maka abin wuya na fata mai laushi, faɗin santimita 3 zuwa 4 ga babban kare, da maɓalli irin na bel wanda ba ya zamewa, da zoben ƙarfe na igiya. In ka ɗaura, yatsunka biyu su shiga tsakaninsa da fata. In ba su shiga ba ya matse, in ya zare ta kai ya yi sako. Na kwikwiyo a duba shi kowane mako, a leƙa ƙarƙashi saboda kaska. Kare mai ja da ƙarfi a ɗinka masa ɗamarar ƙirji da ke ratsa bayan ƙafafun gaba, a sa zoben a gaban ƙirji, in ya ja sai jikinsa ya juyo wajenka, wuya bai ɗauki nauyi ba.

Koyarwa kuma da sanyin safiya ko bayan la'asar, kafin ya ci abinci, minti 5 sau biyu ko uku a rana. Yayyanka busasshen nama ko huhu ƙanana kamar ƙwayar wake. Riƙe igiya mai tsawon mita 2. Da ya ja, tsaya cak, kada ka fizga, kada ka yi tsawa. Da igiyar ta yi sako, yaba masa ka ba shi guda a gefen ƙafarka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ku ci gaba. Yawancin masu cewa wannan hanya ba ta aiki, makara suke yi wajen ba da ladan, ko kuma yau su tsaya gobe su bar shi ya ja su, ko maigida ya hana, yara kuma su ƙyale shi. Kira kuma a fara shi cikin gida da kalma ɗaya da ba a canzawa, sai a fita fili da igiya mai mita 10, sai daga baya kusa da awaki. Kada ka taɓa kiransa ya zo ka dake shi, ko da ya yi ɓarna. Ka yi haka sau ɗaya, ka rushe aikin wata guda.

Karen da ya yawaita haushi a turke, duba inuwarsa da ruwansa tukuna, ka kuma sake shi ya motsa kullum. Wanda ya riga ya fara cizo, wuta ba maganinsa ba ce: sa masa takunkumi mai faɗi da zai bar shi ya yi haki ya sha ruwa, ka raba shi da yara, ka kai shi wajen likitan dabbobi, domin sau da yawa ciwo ne ke sa shi. A yi masa rigakafin haukan kare tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ganin hali.